Ni ne Na'urar da Kuka Ƙaddamar a Yelwa

Zuwa ga Shugaban kamfanin da nake koyon aikin injiniya a ƙarƙashinsa,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da sanyin ofishinka na Abuja. Na biyo ta jarida ne saboda koke-koken da na aiko ta hannun injiniyanka ban sani ba ko a kogin Kwara suka ƙare.

Ba lallai ka tuna ni ba. Ni ne ɗan garin Wara da kuka ɗauka a tsarin aiki da karatu: in yi muku aiki, in riƙa zuwa jami'a lokaci zuwa lokaci, in fita da digiri a fannin na'urorin sarrafa gini. Su ne na'urorin da ke sa gini ya kunna fitila da kansa, ya rage sanyi idan ɗaki ba kowa, ya tada janareto in an ɗauke wuta, ya tsayar da famfo in tanki ya cika. Kun ajiye ni a masaukin baƙin da kuka yi wa wannan aiki a bakin ruwa, kusa da Yelwa ta ƙasar Yauri. Ga abin da na koya a can.

Na farko, akwatunan sarrafawa da kuka kafa a bango ba a haɗa su da komai ba. Fenti ne mai kyau da tambarin kamfani, a ciki kuma wayoyi na reto. A ɗaya daga cikinsu zanzaro ya gina ɗakinsa, ya hayayyafa, kuma shi dai gininsa yana aiki. Duk lokacin da na tambayi injiniyanka yaushe za mu haɗa, sai ya ce kaya suna hanya. Na shiga aji na gaba suna hanya, ga shi ina ajin ƙarshe suna hanya.

Na biyu, ranar ƙaddamarwa. Ka zo da manyan baƙi, an yanka kintinkiri, ka ɗaga wayarka ka ce yanzu za su ga abin mamaki. Ka danna, fitilun zaure suka kama. Ka sake dannawa, sanyi ya fara sauka. Aka yi ta tafi, har wani babban mutum ya ce Yauri ta kamo Dubai. Ranka ya daɗe, ka fi kowa sanin cewa a lokacin ina cikin sito a bayan zaure, tsakanin buhunan siminti da tsofaffin katifu, waya a kunne, injiniyanka na raɗa mini "kunna, kashe," ni kuma ina buga makunni da hannu. Gumi ya jiƙe ni sharkaf. Da aka gama, aka ɗora mini hular kwano aka tsayar da ni gefenka don hoto, a matsayin matashin yankin da kamfani ya ɗaukaka.

Tun daga ranar aikina bai canza ba. Manajan masaukin ya yi imani gininsa mai hankali ne, sai dai yana da ɗan jinkiri. Jinkirin nan ni ne nake hawa bene. Inna tana gaya wa maƙwabta a Wara cewa ɗanta yana juya gini guda da ɗan yatsa. Ba ta yi ƙarya ba, amma duk lokacin da ta faɗa, kunya ce ke kama ni.

Na uku, shi ne ya hana ni sukuni. Jami'a ba ta ba da wannan digiri sai malami ya zo wurin aiki ya ga ɗalibi ya sarrafa na'ura a gabansa: ya sauya ma'aunin zafi, ya gano matsala, ya gyara. Nawa malamin zai zo kafin ƙarshen wannan zango. Idan ban nuna komai ba, na faɗi, kuma tsarin ba ya ba da damar maimaitawa. Abokan karatuna da aka tura wasu kamfanoni suna gardama a kan yadda ake tsara na'ura, ni kuwa sai dai in riƙa gyaɗa kai, don a littafi kawai na taɓa ganinta.

Na kai wa injiniyanka wannan damuwa. Ya yi dariya ya dafa kafaɗata, ya ce ƙaramin abu ne ke tada mini hankali. Ranar da malamin zai zo, shi injiniyan da kansa zai shiga siton, ni in tsaya gaban kwamfuta ina dannawa. Ya ce umarninka ne, wai don ka ji tausayina. Na gode da tausayi. Na ce masa ba zan yi ba, kuma ina maimaita maka a nan. Da wannan digiri wata rana za a damƙa mini ɗakin tiyata ko ɗakin ajiyar allurar rigakafi, kuma can babu wanda zai ɓuya a sito ya rufa mini asiri.

Don haka ina roƙon abu biyu. Ka turo kayan nan da suka tsufa a hanya, a haɗa ko da hawa ɗaya ne na ginin, kuma da hannuna. In ba zai yiwu ba, ka sake ni in koma kamfanin da ke haɗa wayoyinsa, tun da sauran lokaci. Idan ba a yi ko ɗaya ba, ranar da malamina ya zo zan kai shi gaban akwatin in buɗe masa. Zan faɗi, na sani, kuma abin zai yi mini ciwo ƙwarai. Amma manajan masaukin ya riga ya ce yana so ya tsaya ya kalli jarrabawar, ni kuma na ce masa bismillah.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya shiryar da mu baki ɗaya, ya sa asibitin da za a kai ka wata rana ba kamfaninka ne ya yi masa aiki ba.

Wassalam.

Naka mai koyon aiki,
Yakubu, daga Yelwa.