Baba a Bencin Masu Tari

Gumel, ran Asabar, 1975.

Zuwa ga Rabi'atu, sanyin idona, ruwan randar tsakar rana, inuwar gawon da nake fakewa in rani ya yi rani, hazbiyar da ta sauka a tafkin zuciyata ta ƙi tashi. Gaisuwa mai yawan yashin garin nan. Ina fata kina lafiya. Ni dai jiki da sauƙi, rai kuwa yana hannunki, kuma ban ga kin riƙe shi da kyau ba.

Jiya Goggo A'i, ƙanwar Baba mahaifinki, ta same ni a ƙofar asibiti ina wanke bokiti, ta isar da saƙon gidanku. Wai in ina son a sake buɗe mini ƙofar zance, ran Litinin in Baba ya dawo ganin Likita, in ce ya daina giya ya daina sigari, duk biyun, tas. A yi masa allura, a ba shi ƙwaya mai ƙarfi, magana ta mutu. Wannan bai ba ni mamaki ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wutsiyar saƙon, da ta ce ke da bakinki kika ce: “Ai kalma ɗaya ce, Lado ya faɗa mana.” Ke, Rabi'atu? Ke mai haƙora kamar sabon nono, wannan magana ce ta bi ta tsakaninsu ta fito?

Bari in gaya miki aikina, tunda ba ki taɓa tambaya ba, kina ganin farar riga a jikina kin ɗauka wani abu ne. Da fari ya cinye geronmu a Ɗanzomo na shigo Gumel, aka ɗauke ni shara da kiran kati, don na yi aji huɗu ina iya haɗa baƙi. Likitanmu mutumin kudu ne, mutumin kirki, amma Hausarsa kamar tuwo mai gudaji, dattawa ba sa iya haɗiye ta. Su kuma in sun amsa sai sun zagaya Maigatari sun dawo, ya rasa kai ya rasa gindi. Shi ne na zama bakinsa na zama kunnensa. Abin da na ce an ce, shi yake rubutawa, shi yake aunawa ya ba da magani.

Litinin ranar masu tari ce da masu ciwon ciki. Kayya, hasken raina, da za ki leƙo bencin nan! Ban taɓa ganin tsarkakan bayin Allah jere wuri guda kamar su ba. Direbobi ne, da dillalan shanu, da 'yan kamasho, da masinjojin ofis, kowa kumatu cike da goro, kowa ya yi wanka da turare kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ka ce, kana shan sigari? Ya ce sai dai in an miƙo masa don kada ya ƙi hannu, alhali yatsunsa biyu sun rine kamar ya sa lalle. Ka ce, giya fa? Ya yi a'uzubillahi da ƙarfi, tururin da ya biyo a'uziyyar kuwa ko ƙuda ya ratsa ta ciki sai ya faɗi. Wani direba ya rantse mini bai taɓa sha a Nijeriya ba, sai ya tsallaka iyaka ya shiga Nijar, wai waccan ta Faransa ce, ba ta cikin tambayar. Wani ya bar kwalba ya ninka kwalin sigari, ya zo yana washe baki yana jiran a yi masa tafi. Kuma dukansu allura suke so. Ka yi musu bayani har yawu ya ƙafe, su ce to sun ji, ina allurar? Manyan mutane da gemu, suna roƙon a soka musu ƙarfe a ɗuwawu don kada a taɓa musu ashana!

Ni fa ɗan ƙauye ne, ban san haka birni yake ba. A garinmu taba ta tsofaffi ce, giya kuwa na ɗauka sai a bariki. Har yau kaina bai gama ɗauka ba.

Shi Likita ba ya zagin kowa, ni ne mai jin haushin. Cewa yake abubuwan nan biyu kamar awaki ne a bakin gona, ɗaya ta fasa shinge, ɗayar ta bi. Wanda ya zauna gaban kwalba hannunsa da kansa yake neman karan sigari, wanda ya kunna kara maƙogwaronsa ya bushe ya nemi kwalba. Saboda haka tare za a rage su, kaɗan-kaɗan, mutum ya sake wurin zama, ya sake abokan hira, ya dawo kowane mako ya faɗi inda ya kai, ko da ya zame. Ya kuma ce maganin ƙirjin nan nauyi gare shi a kan hanta, hantar da giya ta jiƙa ba za ta ɗauke shi yadda lafiyayya za ta ɗauka ba. Sai ya san gaskiya zai san yadda zai ba da shi. Kin ji inda kalmarki ɗaya take zuwa?

Sai ran nan na ɗago kati, na ga sunan Baba. Kin sani, ya tauraruwata, tun da na fara zuwa ƙofar gidanku sunan nan bai taɓa hawa harshena ba. In na hango shi a hanya lungu nake shigewa, in babu lungu in tuɓe takalmi in durƙusa. Ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Ga shi zaune a tsakiyar masu goro da turare, ga kati a hannuna, ga Likita yana jira. Da na rasa yadda zan yi sai na ce, “Baban Rabi'atu.” Bencin nan kaf ya tuntsire da dariya, suna tari suna dariya, direban Faransa har da cewa ashe yau suruki ke kiran layi. Su da ba su da kunyar huhunsu, su ne masu yi wa mai kunya dariya.

A ciki na tuɓe takalmi na durƙusa, na ba bango fuskata. Likita ya ce in tashi, na ƙi. Ya ce to in tambaya, na tambayi bango. Baba ya ce cinikin shanu a Maigatari ba ya ƙulluwa sai inda maza suke zama, kuma wanda ya zauna can abin da aka miƙo shi ake karɓa. Likita ya ce me ya ce? Na ce ya ce e, duk biyun. To me zan ce? Baba ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya fita ko katinsa bai ɗauka ba. Da la'asar na zo ƙofarku aka ce kina aiki. Har yau kina aiki.

Allah ya huci zuciyarsa, ba na raina shi. Amma mutumin da saniya za ta yi tari a can ƙarshen kasuwar shanu ya ce huhunta ya taɓu, kada a saya, shi ne bai ji nasa tarin ba? Ina abokan zaman nasa, masu miƙo masa? Waye a cikinsu ya rako shi asibiti? Ko ɗaya. Suna can suna ɗumama masa kujera. Ita kuma Goggo, da ta gama ba ni saƙon ya daina, ita ce ta ƙara da cewa ran Alhamis ya dawo daga kasuwa yana tangaɗi sai da aka kama shi. A numfashi guda fa! Wane irin gida ne ake jin tsoron fushin mutum fiye da likkafaninsa?

Kin tuna ranar da na fara shigowa garin nan, tabarma a ka, ƙafa duk ƙura, na tsaya a rijiyar unguwarku na roƙi ruwa? Kika ja igiyar nan mai tsawo har hannunki ya yi ja, guga ya fito da yashi a ciki. Ni da ƙishirwa ta kusa kashewa na miƙa hannu, kika janye, kika zubar, kika sake zurawa. Kika ce ba kya ba baƙo ruwan da ke ba za ki sha ba. Tun a bakin rijiyar nan na zama naki. To yau ke ce kike cewa in ɗebo mai yashi in miƙa wa Likita, shi kuma ya ɗura wa mahaifinki?

Ina kewarki, Rabi'atu, kamar yadda shuka take kewar hadari. Abinci ba ya shiga. In na ga mai kallabi irin naki a layin mata sai kati ya faɗi daga hannuna. Ina kewar dariyarki, da yadda kike tura ƙasa da ɗan yatsan ƙafa in na yi magana mai nauyi. Wallahi da kalmar nan ni kaɗai za ta ci, da na faɗe ta sau ɗari kafin Goggo ta rufe baki. Har na roƙi Likita ya nemi wani ya tsaya masa ran Litinin, ya ce babu wani, ni ne.

To ga abin da zan yi, ki gaya musu don kada su ce na yi musu bazata. Zan durƙusa, zan dubi bango, zan tambaya. Abin da Baba ya faɗa shi zan faɗa, ba ragi ba ƙari. In ya yi shiru in ce ya yi shiru. In ya ce ya rage ko kara ɗaya ne, zan faɗe shi da murna kamar an yi mini albishir. Ke kuma abu ɗaya nake roƙo. Ke kike jin tarin nan kullum ta bayan zana, ke kike wanke kaskon da yake tofawa, kin san abin da kike gani a ciki. Ki je ki durƙusa ki gaya masa kin gani. Daga bakina cin mutunci ne, daga bakinki wataƙila ya ji.

In ya hana ni ke, ya hana. Zan dawo baɗi in roƙa, ya sake hanawa, in dawo baɗin baɗaɗa. Na fi son ya yi ta kora ta da bakinsa yana raye, da a ce ƙannensa ne suka ba ni ke bayan sadakar arba'in.

Ni ne naki, ko an buɗe ƙofa ko an bar ta rufe, ba ni da wata sai ke har ƙasa ta rufe idona,

Lado Ɗanzomo.