Asma'u, Ɗiyarki Za Ta Tafi Karatu

Gesse, Birnin Kebbi

Zuwa ga matata, Malama Asma'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina roƙon Allah Ya haskaka makwancinki. Na san wannan takarda ba za ta iso gare ki ba, ba kuma za ki karanta ta ba. Amma tun da muka yi aure ban saba jin labari mai daɗi in riƙe shi ni kaɗai ba, kuma shekarun nan uku da babu ke ba su sauya mini hali ba.

Lafiya lau muke. Ambaliyar bana ta taɓa gonarmu ta Zauro, ta kwashe ɓangaren da ke bakin gulbi, amma shinkafar da ta tsira ta yi kyau. Mangwaron da kika dasa bayan ɗaki ya fara 'ya'ya. Ni kuma na iya miyar kuka yanzu, ko da yake Nafisa ta ce gishirina ya cika yawa.

Labarinta ne ma ya sa na zauna rubutu. Asma'u, an ɗauki ɗiyarki a jami'a. Wata babbar jami'a ce a ƙasar waje, irin wadda yara daga ko'ina cikin duniya ke nema, a ɗauki kaɗan a bar sauran. Su za su ɗauki nauyin karatunta da abincinta da wurin kwananta. Kin bar ta tana shekarar farko a babbar sakandare, tana kukan lissafi ya yi mata wuya. Kin tuna?

Madam Rahila ce ta fara kawo maganar, maƙwabciyarmu 'yar Filato da kuka koyar a makaranta ɗaya. Har yau ba ta fasa aiko mana da abincin Kirsimeti ba, mu ma ba mu fasa aika mata da naman Sallah ba. Da sakamakon Nafisa ya fito, ta shigo ta same ni a tsakar gida, ta ce Alhaji, yarinyar nan ta wuce inda kake zato. Ta bayyana mini cewa jami'ar tana da ƙofa biyu. Akwai ta kowa da kowa, akwai kuma ta masu sammako. Mai sammako zai miƙa takardunsa tun watan Nuwamba, kafin sauran jama'a, a ba shi amsa da wuri. Sharaɗin shi ne ya yi alkawari, in an ɗauke shi to can zai je, ya janye daga duk inda ya nema. Kuma dole uba ya sa hannu.

Nan na tsaya. Ni a raina likitanci nake so ta yi a Sakkwato, inda zan iya shiga mota in je in gan ta in dawo a yini ɗaya. Ita kuwa karatun injiniya take so, na sarrafa ruwa. Ba ta yi mini gardama ba. Ta dai ce Baba, in ka ce a'a na haƙura, amma kar ka ce to alhali zuciyarka ba ta ce ba. Wa ya koya mata irin wannan magana in ba ke ba?

Sai na ce ba zan sa hannu ba sai mun je Argungu mun ji ta bakin Inna, mahaifiyarki. Bari in faɗa miki gaskiya, fatana Inna ta ƙi. Da ta ƙi, da na sami inda zan laɓe, ba ni na hana ba, kakarta ce.

Mun iske ta ƙarƙashin rumfa tana jera kifi a kan waya za ta yi banda. Ta tsufa, Asma'u, amma kunnenta garau. Nafisa ta yi mata bayani duka. Inna ta tambaya ko akwai wurin salla a can, aka ce akwai. Ta tambaya ko za a bar ta ta sa hijabinta, aka ce za a bari. Ta ci gaba da juya kifi. Kin san ba ta kallona ido da ido, har yanzu kunyar surukuta na nan. Sai ta fuskanci Nafisa, ta ce lokacin da uwarki za ta tafi kwalejin horon malamai, babu abin da mutanen unguwar ga ba su faɗa ba, amma na bar ta. Ki tambayi ubanki ina ya tsinci ɗiyata, in ba a makarantar da na yarda ta tafi ba. Nafisa ta rufe fuska tana dariya. Ni kuwa ƙasa na duba. Muna dawowa gida na sa hannu.

Akwai wani abu kuma da nake so ki sani. Cikin abin da jami'ar ke nema har da rubutu, ɗalibi ya ba da labarin kansa. Madam Rahila, da kyakkyawar niyya, ta ba ta shawara ta rubuta labarin rasuwarki, yadda ta riƙe gida da karatu a lokaci ɗaya, ta ce irin wannan yana taɓa zuciyar masu zaɓe. Nafisa ta ƙi. Ta rubuta labarin Zauro, yadda ruwa ɗaya ke rayar da shinkafa da rani ya zo ya cinye ta da damina, da yadda take zama kan kunyar gona tana kallon inda yake fara ɓallewa. Da ta karanta mini, na ji babu ke a ciki ko sau ɗaya, kuma abin ya ɗan sosa mini rai. Na tambaye ta ko ta manta da ke ne. Sai ta ce Mama ba abin neman gurbi ba ce, ba za ta miƙa wa mutanen da ba su san ki ba mutuwarki don su tausaya mata. In za su ɗauke ta, su ɗauke ta don abin da kika koya mata.

Na shiga ɗaki na daɗe ban fito ba. Me zan ce mata? Ke da kina nan me za ki ce?

Amsa ta zo cikin watan Disamba, da safe, ina shirin fita gona don duba injin ban ruwa. Ta fito da waya a hannu, sai ta miƙo mini. Turancin ya yi mini yawa, amma kalmar farko ta ishe ni. Ta durƙusa ta yi sujada nan kan siminti. Madam Rahila ta shigo ko takalmi babu, ta rungume ta, su biyun suna kuka, tana ta cewa Asma'u, Asma'u, kamar kina ɗaki za ki fito.

Na zaci in ranar ta zo baƙin ciki zan yi. Ban yi ba. Wani sanyi ne ya sauko mini, irin wanda kake ji in ka sauke kayan da aka ba ka amana a ƙofar mai shi. Ban taɓa faɗa miki ba, amma lokacin da kike zaunar da ita a bakin murhu kina tuƙa tuwo kina ja mata karatu, nakan rage ƙarar rediyo don in ji ku. Na ɗauka akwai sauran lokaci da zan gaya miki hakan. Aikinki ne wannan, Malama. Ni gadi kawai na yi.

Sai watan Agusta za ta tafi. Gidan zai yi shiru, na sani, ban kuma ce ba zan ji ba. Inna ta riga ta fara tanadin kifi da daddawa, ba wanda ya iya gaya mata ba lalle a bari a shiga jirgi da su ba. Ita kuma Nafisa ta sa ni gaba, wai sai na koyi kiran waya na ganin fuska kafin ta tafi. Kullum bayan la'asar takan shimfiɗa tabarma ta zauna kusa da ni, ta ce Baba nan za ka taɓa, ba can ba. Tun ranar farko na gane, Asma'u. Ina dai taɓa can ɗin ne da gangan, don ta sake matsowa ta nuna mini. Ina jin ita ma ta gane, amma ba ta fasa shimfiɗa tabarmar ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki, Ya sada mu a inda babu rabuwa. Ki huta lafiya.

Ni ne mijinki,
Umaru, baban Nafisa