Igiyar Rama a Gonar Gawo

Mayahi, 6 ga Yuli

Baba Ishaƙu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kana lafiya, da damina, da ƙafar taka.

Na rubuto takarda ne domin wayarka ta talho ta fi kwana goma a kashe, na kuma san da gangan ne. Labari ya iske ni a gidan likita ina tsakar aiki, wai ka bar ɗakinka a gari ka koma gonar tudu da kwana, tun da aka sare maka gawo uku. Wai a ƙasa kake kwanciya, har gara ta cinye tabarma. Baba, shekararka saba'in da ɗaya, ga hawan jini.

Na san in na ce ka taso ba za ka taso ba. Don haka ga saƙo a hannun Illo mai kabu-kabu: tamfol sabo, da ragar kwanciya da ake ɗaurewa tsakanin itace biyu, da igiyar nailan guda shida, da turakun ƙarfe. Ka ɗaura ragar sama da ƙasa, ka shimfiɗa tamfol a kanta, kowane zobe na bakinsa ka sa masa igiya ka ja zuwa turke.

Amma da sharaɗi. Ranar da tamfol ɗin nan ya faɗi a kanka, ko sau ɗaya ne, za ka zo Mayahi ka zauna wurina har kaka. In ka karɓi kayan, ka karɓi sharaɗin.

Ɗiyarka,
Habsatu

Hawandawaki, ran Juma'a

Uwata Habsatu,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da aiki, da mai gidanki, da yara. Ni lahiya lau nike, ƙahwa ma ta gode.

Na sa miki sunan uwata, ga shi kin gado bakinta. Kaya sun zo. Raga na karɓa, Allah shi yi albarka, ban san akwai kwanciyar da mutum ke lilo kamar jinjiri ba sai da tsuhwa. Tamfol ma na karɓa, don gawo ba shi da kunya, damina na zuwa shi zubar da ganye, ko inuwar akuya ba shi badawa.

Igiyarki kam na ba Gidaɗo, Bahillacen da ke zaune da shanu gabas da ni, shi ɗaure maruƙa. Wane irin abu ne wanga mai santsi kamar hanjin kaza? Ka ƙulla ya zame, rana ta duke shi ya saki. Turakun ƙarhen kuwa ko tsinken tsire ya hi su kauri. Wanda ya yi su bai taɓa taka rairayin Hawandawaki ba.

Ni na tubka tawa da ramar da na noma bara. Na ja guda mai kauri daga gawo zuwa gawo, bisa raga da kamu biyu, na aza tamfol. Gehen gabas, inda hadari ke tasowa, na sauke shi kusan ƙasa, na ɗaga na yamma don in ga mai shigowa gona. Kusurwa huɗu na ja su tamau, in kin taɓa sai ki ji suna kuka kamar tsirkiyar gurmi. Igiyar rama in ta sha ruwa ƙara ɗaurewa take yi. Da ita na ɗaure rumbu da jinka shekara hamsin, iska ba ta taɓa kwashe mini ko ɗaya ba.

Itatuwan ga na tarar da su kututture shekarar yunwa, ke ba a haihe ki ba. Ni na yi musu sassabe ɗaya bayan ɗaya, ina rage toho ina barin mai ƙarhi shi girma, mutane na ce mini mahaukaci. Yau hatsin da ke gindinsu ya hi na kowa, shi ne wani ɗan banza zai zo da gatari shi kai birni shi saida. Saura talatin da bakwai, kuma ba za su ragu ina numhwashi ba.

Sharaɗinki na karɓa. Ki ajiye ɗakin ki zuba albasa.

Ubanki,
Ishaƙu

Mayahi, 15 ga Yuli

Baba,

Ina gaishe ka. Takardarka ta zo, na karanta sau biyu, na farko da dariya, na biyu da haushi.

Igiyar da na zagaye kasuwa ina zaɓe ita ce yau a wuyan ɗan maraƙi. To, madalla. Ni ban san tufka ba, allura na sani. Abin da na sani kawai, mai sayar da tamfol ya ce kada a ja shi da ƙarfi fiye da kima, zoben yana da iyakarsa. Na san abin da za ka ce, wai ɗan kasuwa ne zai koya maka ɗauri.

Ba zan zuba albasa a ɗakin ba. Na sa an share, na sa katifa. Maganin hawan jini kuma safe ake sha, ba sai ranar da ka tuna ba.

Ina jin tsoro, Baba, shi ne gaskiyar maganar.

Ɗiyarka,
Habsatu

Ruga, gabas da Hawandawaki, ran kasuwa

Malama Habsatu,

Sallama da gaisuwa. Ni ne Gidaɗo, maƙwabcin Baffa Ishaƙu a daji. Ban iya rubutu ba, Illo ke rubuta abin da nike faɗi. Baffa ya ce in na gaya miki babu ni babu shi, amma na auna na ga gara ya yi fushi da ni yana da rai.

Ran Talata da la'asar hadari ya taso. Ruwa ya fi iska yawa. Igiyoyinshi suka jiƙa suka takura, kamar yadda ya ce za su yi. Sai dai jinka da zana in an matse su suna bi, shi tamfol ba ya bi. Zobe biyu na gabas suka tsinke, iska ta samu ƙofa ta shiga, ta tumɓuke turakun itacen da ya kafa. Da na zo na tarar da shi cikin raga, tamfol ya rufe shi da ruwa cike, yana ta zagin mai zoben, wato wanda ya ƙera shi.

Na kai shi gari bisa amalanke, ya kwana biyu da zazzaɓi. Kwana biyun nan aka shiga gonar aka sare gawo ɗaya, babban da ke bakin hanya. Ni ina wajen kiwo, ban gani ba. Da ya komo ya tsaya kan kututturen har na gaji da tsayuwa.

Mun sake ɗauri. Inda zobe ya tsinke mun ƙunsa tsakuwa a bakin tamfol muka ɗaure wuyanta. Tsakanin igiya da tamfol na sa mishi robar cikin tayar moto, in rama ta takura robar ta miƙe. Turke kuwa mun bar shi, mun yi irin namu na rairayi: a ɗaura igiya tsakiyar guntun sanda, a gina rami kamu biyu, a kwantar da sandar a gicciye a bizne a tattake. Jiya an yi ruwa ya fi na Talata, ko motsi bai yi ba.

Sai dai tarin da ya kama shi tun ran Talata bai sake shi ba. Kin ji abin da ya sa na yi magana.

Allah shi bar zumunci.
Gidaɗo

Hawandawaki, ran Lahadi

Uwata,

Ina gaishe ki da yara.

Tamfol ya hwaɗi ran Talata. Ba iska ba ce, ba kuma mai zobe ba, ni ne. Na ɗaure shi kamar jinka alhali ba jinka ba ne. Na so in ɓoye miki, na kwana biyar ina ɓoyo, abin ya hana ni sakewa. Ban taɓa yi miki ƙarya ba, ba zan hwara da hurhura ba.

Yanzu ɗaurin ya zauna, Gidaɗo ya koya mini abin da ban sani ba, Bahillacen da na girme wa ubanshi. Amma sharaɗi bai ce sai ya hwaɗi sau biyu ba. Alkawari kaya ne, na ɗauka. Ki turo Illo ran Asabar.

Sai dai ki sani, ba don na yarda kin hi ni gaskiya zan zo ba. Kwana biyu na bar gonar suka ci ɗaya, ki lissahwa da kanki abin da zai saura kahin kaka. Zan zauna ɗakinki, in ci tuwonki, in sha maganinki, amma kada ki ce in yi hira ko in yi dariya. Raina ya ɓaci, Habsatu, ɓacin da bai yi ba tun rasuwar uwarku. Da a ce mai gatarin ga ya zo ya iske ni ya sare ni tare da itacen, da ya hi mini sauƙi.

Raga da tamfol zan bar wa Gidaɗo.

Ubanki,
Ishaƙu

Mayahi, 28 ga Yuli

Baba,

Ina gaishe ka da jiki.

Kada ka ba kowa komai. Illo zai zo ran Asabar, ni ce a bayansa. Na karɓi hutuna na shekara, wata guda, yara suna wurin kakarsu. Ina tafe da maganin tari da raga ta biyu, maganin kuma a gabana za ka sha.

Alkawarin nawa ne, na sauke maka shi. Mai gatarin nan ina so ya dawo ya tarar da mu biyu.

Ɗiyarka,
Habsatu