Awa Sittin a Ɗakin Haihuwa

Litinin, 3 ga Maris

Yau Shugaba ya kawo abin da ya ishe mu da fariyarsa. Wai manhaja ce za ta riƙa raba ɗalibanmu na jinya zuwa asibitoci koyon aiki. Shekara goma sha tara ina wannan rabo da rajistata da jan biro, ko sau ɗaya ɗaliba ba ta ɓata ba. Wani mai ɗamammen kwat ne ya zo koya mana, sai yashe haƙora yake kamar mai tallan man goge baki. "Malama, nan kawai za ki danna." Na tambaye shi ko ya taɓa riƙe wa majinyaci tasar amai. Ya yi dariya. Ni kuwa ba wasa nake ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Manhajar ta tura 'yan aji ɗaya su huɗu ɗakin tiyata. Yaran da ko zafin jiki ba su iya aunawa ba! Mai Kwat ya ce wai ni ce ban cike gurbin aji ba. To, madalla.

Laraba, 12 ga Maris

Lambar sirri ta ƙi ni har sau uku. Maigida ya ce tsufa ne. Na bar shi ya ɗumama abincinsa da kansa.

Talata, 18 ga Maris

Sabon shirme. Manhajar ta ja jan layi a kan Shiru-shiru, 'yar ajin ƙarshen nan da ba a jin muryarta, wai saura mata awa sittin a ɗakin haihuwa, ba za ta zauna jarrabawa ba. Na ce wa Shugaba a gaban kowa, akwatin ƙarfe ba zai koya min ɗalibaina ba. Gobe zan kai masa rajista ya gani da idonsa.

Laraba, 19 ga Maris

Ban kai ba.

Na bi shafi-shafi. Sau biyu na tura ta ɗakin maza. Da hannuna. Masu baki sun zo sun yi ta "Malama don Allah", na musanya musu da gurbinta, na ce zan mayar mata daga baya.

Na kira ta ofis. Me ya hana ki magana? Kanta a ƙasa: "Na ɗauka kin ga ban isa ba ne, Malama." Shekara guda tana yawo da wannan a ranta. Jarrabawa saura sati uku.

Juma'a, 21 ga Maris

Duk Sistocin da na sani na buga musu waya, ko'ina a cike. Mai Kwat ya danna abu biyu, sai ga gurbi a wani ƙaramin asibiti bayan tashar mota. Ko sanin suna karɓar ɗalibai ban yi ba. Ya ci gaba da aikinsa kawai. Da ma ya yi min gori, da na fi samun sauƙi.

Litinin, 7 ga Afrilu

Shiru-shiru ta cika awanninta. Ungozomar can ta ce hannunta na da kyau, haihuwa biyar aka karɓa da ita. Ta zo da kanta ta ba ni labari, har da ɗaga murya.

Da safe, kafin kowa ya iso, na duba sauran marasa surutun ɗaya bayan ɗaya. Biyu na da giɓi. Na gyara.

Shugaba ya leƙo, wai ya na ga manhajar? Na ce launinta bai yi min ba.