Ƙarshe Biyu a Littafin Orval

Duluth, 4 ga Maris

Zuwa ga 'yata Maren,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin koma Seattle lafiya. Yaya ƙarin haƙurinmu?

Mutane da yawa suna zaton ranar da babanki ya ajiye aikin lauya ya kama rubuta littattafan labari, ya zama wani mutum daban. Ke ma kin faɗa wannan kuskuren. Kin ce min a waya kin tarar da babin ƙarshe iri biyu a littafin da ya rasu ya bari, wai ruɗewar tsufa ce, ba za ki miƙa wa masu buga littafi ba don kada a yi masa dariya. Kada ki kuskura ki ɓoye shi!

Shekara saba'in da tara ina ƙanwar Orval, na san kayana. Duk littattafansa biyar haka ya yi musu. Lauya ba ya shiga kotu sai ya san hujjar abokin karawarsa, shi ya sa yake rubuta ƙarshe biyu. Sai ya tara mu goma sha biyu a ɗakin taro na coci, kamar masu taya alƙali yanke hukunci, ga kofi ga kek ɗin tuffa. Ya tsaya ya kare na farko har ya yi gumi, ya kurɓi ruwa, ya zagaya ɗaya gefen tebur ya rushe duk abin da ya faɗa. Mu kuma mu zaɓa.

Wendell mai aski ya taɓa ce masa, "Orval, shekara arba'in kana juya kan alƙalai, yanzu namu ya rage?"

Ya ce, "Naka ai babu abin juyawa a ciki. Ɗaga hannu kawai, ka bar mana sauran kek."

Ki sake karantawa a natse, ki rubuto min.

Goggonki mai ƙaunarki,
Solveig

Seattle, 15 ga Maris

Goggo,

Ina gaishe ki. Yaya gwiwar? Wasiƙarki ta sa ni dariya, karo na farko tun jana'iza.

Amma ban gaya miki gaskiya duka ba. Labarin wani lauya ne da ya yi mako shida a wani gari kan wata shari'a, matarsa tana kwance a asibiti, 'yarsa mai shekara goma sha shida tana jinyarta ita kaɗai. Goggo, ni ce. Ya sauya mata suna, amma ya bar mata tabon da ke haɓata. A ƙarshe ɗaya ta buɗe masa ƙofa ta yafe masa. A ɗayan yana ta kiranta, ta bar waya tana ta ƙara.

Bai taɓa ɗaga min maganar nan ba. Sai dai ya aiko min da safar hannu duk hunturu, har na tara goma sha ɗaya.

Masu buga littafin suna jiran amsa kafin ƙarshen Afrilu. Don Allah ki tara mutanenku su zaɓa. Ni na kasa.

'Yarki,
Maren

Duluth, 23 ga Maris

Maren tawa,

Gaisuwa. Gwiwa na nan da halinta.

Ba zan tara kowa ba. A watan Oktoba na tambaye shi yaushe za mu zauna kan wannan littafin. Ya ce, "Solveig, wannan shari'ar ba taku ba ce. Ban ji ta bakin babbar shaida ba, kuma tsoron kiranta nake yi." Ban gane ba sai da na karanta wasiƙarki.

Na yi magana da masu bugawa, sun yarda su jira har kaka. Shekara talatin da huɗu ina koyar da yara rubutu, kullum abu ɗaya nake gaya musu: a fara da abin da ido ya gani, hukunci ya zo daga baya. Ɗauki rana ɗaya cikin makonni shidan nan, ki rubuta ta yadda take. Ko shafi ɗaya ne, aiko min. Na yi alkawari ba zan taɓa jan biro ba.

Goggonki,
Solveig