Labarin Kaka a Jarrabawar Hawa'u

Tsarnawa, 9 ga Maris 1988

Zuwa ga ƙanena Mamane,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da karatunka a can Dakar. Mu nan lafiya lau. Wake bai yi ba bana, amma gero ya rufa mana asiri, mun gode Allah. Maigidana Dogo yana nan yana jigilar siminti daga Malbaza.

Dalilin rubuto maka shi ne Baba Labo, mahaifinmu, da ɗiyata Hawa'u. Ka san kanta yana ja. A kolej ɗin Konni ba mai kama ƙafarta a Ingilishi, har masu kanti na bakin iyaka take gyara wa magana, taswirar Afirka kuwa da ka take zana ta. To, a jarrabawar tarihi aka ce su ba da labarin shigowar Turawa Konni. Littafinsu layi biyu ya ba abin. Ita kuwa sai ta cika shafi huɗu da abin da Baba yake ba mu tun muna yara: yadda aka sa wa birni wuta, yadda kakarmu tana 'yar shekara tara ta ɓuya cikin rumbu da ƙanenta a baya, da sunayen mutanen gidansu bakwai da ba a sake gani ba. Malaminsu, Mushe Bilal kamar yadda suke kiransa da Faransanci, baƙo ne a ƙasar nan. Ya ba ta huɗu bisa ashirin, ya rubuta da jan biro cewa tarihi aka tambaye ta, ba tatsuniya ba.

Hawa'u uwar surutu sai ta karanta wa Baba wannan, ta fassara masa kalma kalma. Bai yi faɗa ba, ka san shi. Cewa kawai ya yi, "Ashe uwata tatsuniya ta." Daga ranar ya rufe baki, ko jikoki sun roƙe shi sai ya ce ya manta. Raina ya ɓaci ƙwarai, Mamane. Kai da kake karanta ilimin halayyar ɗan Adam, da kana kusa da na ga amfanin bokon naka.

Na ɗauki mayafi na tafi lakwal, makarantarsu, wurin Mushe da kaina. Ban yi rashin kunya ba, ko da yake na so. Ranar Lahadi sai ga Mushe bisa ɗan babur ɗinsa mobilet da goro, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya ba Baba haƙuri. Sai da aka sha shayi biyu kafin Baba ya fara ba da labarin. Amma da ya zo kan sunayen, shida ya kawo. Ya yi ta lissafi da yatsu, na bakwai ya ƙi zuwa. Hawa'u ce ta buɗe takardar jarrabawar ta karanto masa shi daga ƙarƙashin jan biron.

Don haka ina roƙonka, ka aiko da rakodarka da kaset ta hannun duk mai zuwa, mu ɗauki labarin daga bakin Baba, kada ka jira hutu. Baba ya tsufa fiye da yadda ka bar shi.

Inna Jummai da Zuwaira suna gaishe ka. Hawa'u ta ce kada ka manta da ƙamus. Baba ya sa maka albarka.

Yayarka mai ƙaunarka,
Tsahara