Kwanakin da Na Ba Walt

Fall River, 4 ga Maris

Yaya Odete,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Manny da jikoki. Ya ƙafar taki? Na san ba kya shan maganin, kada ma ki fara yi mini ƙarya.

Kin tuna Walt Kowalczyk, direban motar share ƙanƙara a ma'aikatarmu, wanda ya lashe tukunyar miyarki ranar bikin coci? Ciwon daji ya kwantar da shi, kwanakin hutun jinyarsa sun ƙare. Kin san in suka ƙare albashi ya tsaya, inshorar asibiti ta bi baya. Wata huɗu muna zarya kafin majalisar jiha ta yi doka da sunansa, wadda ta ba mu damar ba shi namu kwanakin. Na ba da talatin da biyu, duk abin da na tara. Denise, akawunmu, ta ce wai son a yaba ne zai kashe ni, in rage ko biyar mana. Na ce mata shekara tara ban kwanta ba, ko mura tsorona take ji.

Wani ɗan ƙullutu ya fito mini a hammata. Ba ya ciwo.

Ƙanwarki,
Lucinda

Fall River, 19 ga Mayu

Yaya Odete,

Ina gaishe ki, ina gaida Manny. Allah ya sa ƙafar ta yi sauƙi.

Mun binne Walt ranar Talata. Cikin kwanakin da muka ba shi, ɗari da arba'in ya bari bai taɓa ba. Na je wurin Denise a kunyace in nemi a mayar mini da nawa, ta nuna mini layin ƙarshe na dokar: abin da ya rage ba a mayarwa, sai a zuba a asusun masu doguwar jinya. Ni kuwa ban taɓa shiga asusun ba, don taurin kaina.

Yaya, ƙullutun nan ba abin wasa ba ne. Likita ya ce tiyata, sannan magani wata shida. Kwana uku kacal na sake tarawa na hutun jinya. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba.

Denise ta fara neman a yi doka da sunana kafin majalisa ta tashi ƙarshen Yuli. Amma ko an yi, wa zai bayar? Kowa ya kakkaɓe nasa ga Walt. In na shigo ɗakin shan kofi sai hira ta mutu, kowa ya kama kallon kofinsa.

Jiya ta kawo mini daftarin in duba. Takardar Walt ce ta kwafa, ta cire sunansa ta sa nawa ko'ina, ban da layin ƙarshe, inda ake faɗin abin da za a yi da kwanakin in mai su ya tafi ya bar su. Can sunan Walt ta bari. Ta ce mantuwa ce, in gyara da biro.

Na ɗauki biron, na kasa. Ki zo, Yaya, kada ki jira ƙafar ta warke.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Lucinda